Ranar Da Na Ba Da Sunan Markus

Saratu, Rahila, Yohanna, da kai Markus idan takardun nan sun iso hannunka.

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan kun haɗu. Ba wanda ya taɓa furta min shi ido da ido, domin mahaifiyarku ta yi muku tarbiyya, amma mutum ba ya haura saba'in bai iya jin maganar da aka haɗiye ba. Kuna cewa Baba ya fifita bare a kan ɗan cikinsa. Ku ukun farko ba kwa gari a ranar. Saratu tana ɗakin mijinta a Zariya, Rahila tana makarantar koyon jinya, Yohanna yana bautar ƙasa a kudu. Duk abin da kuka sani a bakin mutane kuka ji shi, mutane kuwa kowa inda ya fi masa daɗi yake farawa. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna tun ina iya riƙe biro. Ba wanke kaina zan yi ba. Akwai laifina a ciki, kuma zan nuna muku inda yake, sai dai ba a wurin da kuke zato ba.

Kun san na yi soja, na fita da igiya uku, shi ya sa har yau rabin gari Saje suke ce min, rabi kuma Hedimasta. Da na ajiye kaki na dawo ƙauyenmu, na koma aji da furfura a gemu na yi karatun malanta, sannan na karɓi firamaren nan da ke bakin hanyar Durba, lokacin ajinta biyu ne kacal, ɗaya ma ba rufi. Mu masu zuwa coci a garin nan ba mu da yawa, kuma kusan duk dangin juna ne da maƙwabtanmu Musulmi. Fada sau ɗaya yake zuwa a wata ya yi mana Misa, sauran ranakun Lahadi ni nake jan addu'a a matsayina na katekis. Ban taɓa ganin wannan ya hana wani uba ba ni ɗansa ba. Malam Sani, mai koyar da Larabci da addinin Musulunci a makarantar, shi ne abokin tafiyata. Gida gida muka riƙa bi, shi ya yi magana da masu gida, ni in tsaya ina rubuta sunaye. Inda ya fi ba mu wahala shi ne rugar Arɗo Buba, can bayan dutse ta wajen Fammar. Damina uku muna zarya kafin ya yarda. Ranar da ya yarda, sai ya dube ni ya ce:

"Saje, na ba ka yara goma sha ɗaya. Ba gwamnati na ba, kai na ba. In wani abu ya same su, kai zan tambaya."

Na ce na ji, na kuma karɓa.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda rediyo ba ta da wani zance sai na satar 'yan makaranta a wasu jihohi. Mu nan ƙasar Rano da Kibiya ba wanda ya taɓa mu, amma tsoro ya shigo gari ya zauna. Kusan kullum sai wani ya kunna min muryar wani mutum a waya, ba a san ko wane ne ba, yana rantse-rantse cewa an ga baƙin fuskoki a daji kaza, an ji babura a hanya kaza. Iyaye suka fara janye yara, musamman mata. Ajin da ke cika har a zauna a ƙasa, sai ka shiga ka tarar da benci biyu ba kowa. Ni ma ban tsira ba. Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, amma kunnena yana kan hanya. In babur ya wuce sai in tsaya da alli a hannu har ƙararsa ta ɓace. Na taka ƙafa na auna nisan da ke tsakanin ajin ƙarshe da gonar dawar da ke bayansa, na lissafa yadda ɗan aji ɗaya zai kai can da gudu kafin a cim masa. Mahaifiyarku ta lura na daina cinye tuwona, ta riƙa rage min malmala ba tare da ta ce komai ba.

Ana cikin haka Alhaji Garba ya zo min makaranta da dattawa huɗu. Kun san shi, mai motocin haya da ke jigila tsakanin Kibiya da Kano. Mutumin kirki ne, shi ya taɓa kawo mana kwanon da muka rufe ajin nan. 'Yarsa Hadiza tana aji huɗu a lokacin.

Ya ce, "Saje, duk garin nan kai ne ka san aikin tsaro. Ga samari nan zaune a gindin bishiya ba abin yi. Ka koya musu gadi su riƙa zagaya makaranta, ko hankalin matanmu ya kwanta."

Na ce, "Alhaji, zan yi, amma da sharaɗi. Ba bindiga, ba adda. Usur da sanda kawai. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya busa, ya zo ya faɗa."

Suka ce sun amince.

To ga laifina, ku ji shi da kyau. Da na tara samarin nan a filin ƙwallo, su wajen talatin, na ji muryata ta fita irin ta da, sai wani abu ya motsa a jikina wanda na ɗauka ya mutu tuntuni. Na ji daɗi. Gadi aka ce in koya musu, amma sai ga ni ina jera su sahu-sahu, hagu dama, hagu dama, ina koya musu yadda ake rabuwa gida biyu a kewaye wuri, da yadda mutum talatin za su motsa da umarnin baki ɗaya. Na koya musu bin umarni, ban koya musu lokacin da ake ƙin bin sa ba. Kuma da na duba wanda ya fi kowa kamawa, sai na ga Markus ne, na ɗora shi a kansu. Autana, ya gama difloma shekara biyu ba aiki, yana zaune yana tayar wa mahaifiyarsa injin niƙa, fari fat da gari tun safe har yamma. A filin nan ne na fara ganin ya ɗaga kafaɗa yana tafiya kamar mutumin da ake bukata. Wane uba ne zai ga haka bai yi murna ba?

Malam Sani ne kaɗai ya ja kunnena. Wata rana muna tsaye a baranda muna kallonsu, ya ce:

"Saje, 'yan gadi aka ce ka haɗa, ni kuwa runduna nake gani."

Na yi dariya na ce, "Malam, motsa jiki ne kawai."

Ya ce, "Allah ya sa." 

Ba a yi wata biyu ba sai ga wani baƙo a kan babur, da akwati ɗaure a baya, ya tsaya a bakin makaranta lokacin tara, ya tambayi yara hanyar rugar Arɗo Buba. Bayan mako guda aka sake ganinsa ya bi ta can. Shi ke nan. Kafin Juma'a magana ta zama cewa ɗan leƙen asiri ne, akwatin kuma makamai ne. Kafin Lahadi an ƙara cewa yaran ruga da ke makarantata ƙirga 'yan ajinsu suke yi suna kai rahoto gida. Iyaye suka aiko a ce min in sallami yaran nan goma sha ɗaya. Na ce ban ga abin da suka yi ba, ba zan sallame su ba. Har a ƙofar coci, bayan addu'a, ƙanena Iliya ya tare ni da maganar. A gida kuwa, muna cin abinci da rana, Markus ya ajiye cokali ya ce:

"Baba, kai kaɗai ne ba ka ganin abin da kowa yake gani."

Na ce, "Me kowa yake gani?"

"Mutumin nan ba a san shi ba. Me yake kai musu?"

"Ka je ka tambayi Arɗo mana. Ka san hanya."

Ya ce, "Ɓarawo zai ce maka shi ɓarawo ne?"

Na so in tsawata masa, amma ban yi ba, domin ni ma can cikin zuciyata tambayar tana nan. Kuma ni da na ce masa ya je ya tambaya, ban je ba. Tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba. Na riƙa cewa gobe, gobe. Ina jin tsoron a gan ni a hanyar ruga a ce da ni ake haɗa baki. Wannan shi ne laifina na biyu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Kibiya ce, yawancin magidanta ba sa gari, har da dagaci. Mun tashi yara kamar kullum. Ina ofis ina duba littattafan 'yan aji shida, wajen bayan azahar, sai na fara jin hayaniya daga cikin gari, da muryar mace tana kuka tana kiran suna. Wani ya wuce da gudu ya ce Hadiza 'yar Alhaji Garba ba ta koma gida ba, an duba ko'ina, kuma wai an ga mai babur ɗin nan da safe. Na tashi ina neman takalmina ke nan sai ga mahaifiyarku a ƙofar ofis. Tun da na fara aiki a makarantar ba ta taɓa taka ofishina ba. Hannunta duk gari, ɗankwalinta ya zame, tana haki.

Ta ce, "Malam, Markus ya ɗauki jarkar fetur ɗin inji."

Na ce, "Ya kai ina?"

"Ya shiga ɗakin baffansa Iliya ya fito da adakar farautarsa. Sun bi ta bayan dutse."

"Su nawa?"

"Dukkansu. Har da waɗanda ba na filinka ba." Ta kama hannun rigata. "Ka bi shi ka dawo da shi. Maganarka yake ji. Don Allah kada ka kira kowa, ka je kai kaɗai."

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. A ƙasar da aka tura mu aikin kwantar da tarzoma, an taɓa kawo mana labari cewa wani ƙauye yana ɓoye 'yan tawaye. Muka je. Ba zan rubuta abin da aka yi a can ba. Ni ban harba ba, amma ban hana ba, ina tsaye da bindiga a kafaɗa ina kallo. Daga baya aka gane cewa wanda ya kawo labarin rigimar gona ce tsakaninsa da mutanen. Na furta wannan a gaban Fada har sau uku a shekaru daban-daban, an ce min an gafarta, amma warin bai bar hancina ba. Saboda haka na san abin da mahaifiyarku ba ta sani ba. Na san in mutum talatin suka kama hanya da fetur, kowa yana jin ƙafar ɗan'uwansa a bayansa, muryar tsoho ɗaya za ta iya tsayar da su na ɗan lokaci, amma ba za ta mayar da su gida ba. Kuma na san maza suna wajen kiwo a wannan lokacin, mata da yara da tsofaffi ne kawai a rugar.

Na kira dagaci, wayarsa ba ta shiga. Na sake kira, haka. Sai na kira ofishin 'yan sanda, har sau biyu ina kuskuren lamba. Wanda ya ɗauka ya saurare ni, sannan ya ce:

"Baba, kullum ana kiranmu a kan jita-jita. Ka tabbata? Wa yake jagorantarsu? Ba ni suna."

Mahaifiyarku tana tsaye tana kallon bakina. Ta girgiza min kai.

Na ce, "Markus Luka."

Ya ce, "Luka? Ba sunan da ka ce min naka ba ne yanzu?"

Na ce, "Ɗana ne. Yana riƙe da bindiga. Ku yi sauri."

Ya ce ga su nan. Na ƙara masa sunaye shida da na tabbata suna gaba. Da na kashe wayar, sai na ga mahaifiyarku ta zauna a ƙasan siminti, ta miƙe ƙafa, ba ta kuka, ba ta kallona. Ban tsaya ba. Malam Sani ya riga ya tayar da babur ɗinsa a waje, ashe ya ji komai ta taga.

Hanyar nan ta bayan dutse kun san ta, duwatsu da kwazazzabai. Malam Sani yana tuƙi yana salati, ni ina baya da carbin rozari a aljihu na damƙe shi, na kasa haɗa ko addu'a ɗaya har ƙarshe. Kafin mu sha kwanar dutsen na hango hayaƙi. Na ce a raina mun makara. Da muka isa, bukka ɗaya tana ci da wuta, mata suna gudu cikin karan dawa da goyo, wasu na jan yara. Arɗo Buba yana zaune a ƙasa, jini yana zuba daga goshinsa ya jiƙa masa gemu, wani ya sauke masa sanda. A bayansa yara uku sun maƙale, biyu ba su ko cire kayan makaranta ba. Samarin sun rabu gida biyu sun kewaye wurin, daidai yadda na koya musu. Na sauka tun babur bai gama tsayawa ba, na shiga tsakiya, na tattara duk abin da ya rage a ƙirjina na daka tsawa irin ta fareti:

"Kowa ya tsaya!"

Suka tsaya cak. Ƙafafunsu ne suka bi umarnin tun kafin kansu ya yi shawara. Markus yana gaba, adaka a hannu, idonsa ja wur. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Ya ce, "Baba, ka matsa."

Na ce, "Ba zan matsa ba."

"Hadiza tana hannunsu. Su fito da ita."

Malam Sani ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ɗaga murya. "Wa ya gani da idonsa? Wanda ya ga an ɗauke ta ya fito nan ya rantse." Ba wanda ya fito. Ya kira wasu da sunayensu, yaran da ya koya wa karatu, ya ce, "Kai Nura, kai Basiru, wannan na koya muku?"

Arɗo ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Saje, ku shiga ku duba. Duk ɗakin da kuke so."

Na ce mutum biyu su ajiye sanda su bi Malam Sani su duba bukka-bukka. Na yi haka ne don in ja lokaci. Suka shiga, suka fita, ba komai sai ƙore da tabarmi. Amma na ga na baya sun fara gunaguni, wani yana cewa an riga an wuce da ita daji, wani yana cewa Saje an saye shi. Wani ya zagaya ta bayana ya cinna wa bukka ta biyu wuta. Sahun ya fara matsowa taku ɗaya, taku biyu. Na ga yatsan Markus yana kan kunamar bindiga, bakin bindigar kuma ba ƙasa yake kallo ba. Sai na matsa har ƙirjina ya kusa taɓa ta, na ce masa a hankali yadda shi kaɗai zai ji:

"Na kira 'yan sanda. Na ba su sunanka. Suna hanya."

Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba. "Sunana?"

"Sunanka."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Abin da na sani shi ne an jiyo ƙarar mota tana hawowa, sai taron ya watse, kowa ya faɗa cikin dawa. Markus bai gudu ba. Ya sauke bindigar ya ajiye a ƙasa a gabana, ya tsaya har suka zo suka sa masa ankwa. Ko sau ɗaya bai sake kallona ba.

Kafin magariba Hadiza ta dawo gida, a bayan babur, tare da gwaggonta, da ƙullin cincin a hannu. Ashe gwaggon ce ta biyo ta bakin makaranta za ta suna a Madachi, ta ɗauke ta, ta bar saƙo wurin wata maƙwabciya, maƙwabciyar kuma ta tafi kasuwa ta manta. Mai babur kuwa, da aka bincika, maganin shanu yake sayarwa. Alhaji Garba yana hanyar Kano duk abin nan ya faru. Da ya dawo ya ji, sai ya zo gidana ya tsaya a zaure, yana ta maimaita "Saje, Saje."

Kada ku ɗauka da gaskiya ta fito sai gari ya gode min. Mutum bakwai aka kama, duk da bakina. Shida aka ba da belinsu, Markus kuwa saboda bindiga aka wuce da shi gidan yari, ya yi wata biyar yana jiran shari'a. Iyayen sauran suka daina amsa gaisuwata. Ranar Lahadi na tsaya jan addu'a na ga rabin benci ba kowa. Iliya ya aiko a gaya min shi ba shi da wa. Mahaifiyarku ba ta fasa dafa min abinci ba, ba ta fasa wanke min kaya ba, amma daga "ga ruwa" sai "ga tuwo", ba ta ƙara min kalma ba har aka yi girbi. Kullum da safe ina fita makaranta ina tunanin wane hali yaron nan ya kwana a ciki, da su wa aka haɗa shi, me zai zama in ya fito.

Na je ganinsa sau huɗu. Uku ya ƙi fitowa. A na huɗu ya fito, ya rame, an aske masa kai. Na ajiye abincin da mahaifiyarsa ta ba ni. Ya ce:

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Baba. Sunana ka fara faɗa, ko shi ka faɗa a ƙarshe?"

Na ce, "Shi na fara faɗa."

Ya gyaɗa kai, ya tashi, ya koma ciki. Bai jira dalili ba. To ga dalilin yanzu, Markus. Kai aka tambaya, domin kai ne a gaba, kuma ni na sa ka a gaba. Da na fara da 'ya'yan wasu, na san kaina, da na kai kanka sai in haɗiye. Sannan in rayu ina kallon iyayensu. Kuma na gwammace in zo ganinka a gidan yari a kan bukka biyu, da in zo ganinka a kan ran mutum. Ban ba da sunanka don ba na son ka ba. Na ga yatsanka a ranar, kai ba ka gani ba.

Wanda ya fitar da shi Arɗo Buba ne. Shi da Malam Sani da dagaci suka yi ta zuwa wurin hukuma, da tabon sanda a goshinsa, yana cewa shi ya yafe, yaro ne, tsoro ne ya kore shi. Aka yi sulhu, gari ya sake gina bukkokin. Amma da aka gama girbi, Arɗo ya zo makaranta da kansa ya same ni.

Ya ce, "Saje, ka riƙe amana, ba a taɓa min yaro ko ɗaya ba. Amma matanmu sun kasa sakewa a wurin nan. Ko kare ya yi haushi sai su kwashi yara. Za mu tashi."

Na roƙe shi ya bar ko manyan su gama aji shida, su zauna a gidana. Ya yi murmushi ya ce ba zai yiwu ba. Ban san inda yaran nan suke ba yanzu, ban san ko sun ƙara shiga aji ba. Markus ma kwana uku ya yi a gida bayan fitowarsa, ya tattara jakarsa ya tafi Legas. Ya durƙusa ya yi wa mahaifiyarsa sallama, ya wuce ni a zaure. Yau shekara biyar ke nan. Ya sami aiki, ya yi aure, ya haifi ɗa, duk a bakinku nake ji.

Mahaifiyarku ta sauko a hankali. Wata rana tana tankaɗe ina zaune, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Da ka bi maganata, da yanzu ko a waya ba ni da shi." Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Ita yake kira duk ranar Lahadi bayan coci. In na ga ta ɗauki wayar sai in fita in ba su wuri.

Makonni uku da suka wuce ban yi saurin fita ba, ƙafata ta riƙe. Tana magana da jikan namu, sai kawai ta miƙo min wayar tana ce masa, "Gaida Kaka." Yaron ya gaishe ni da 'yar Hausarsa ta Legas, na amsa, na tambaye shi sunan malamarsu. Sai na ji murya a bayansa, ƙasa-ƙasa, muryar da zan gane ko cikin kasuwa:

"Tambaye shi ko yana shan maganin hawan jininsa."

Yaron ya maimaita, ya ma kasa faɗar hawan jini daidai. Na ɗaga murya yadda na bayan zai ji, na ce, "Ina sha. Kullum ina sha."

 Ina jin numfashin yaron, ina jin ƙarar motoci a can. Sannan muryar ta ce, "To." Aka kashe.

Ban san me wannan "to" ɗin yake nufi ba. Na juya shi ta kowace fuska, wata rana in ga ƙofa ce, wata rana in ga ba komai ba ne. Ban faɗa wa mahaifiyarku ba, amma tun ranar na sa Malam Sani ya duba min wayata ya ƙara mata ƙara har ƙarshe, kuma na daina barinta a ɗaki in zan fita.